Yadda Na Sauko da Alhaji a Bayan Alfadari

Shekara uku ke nan, amma ranar da na sauko da maigidana daga kan wani tsibiri na ƙasar Girka a bayan alfadari tana nan a raina kamar jiya aka yi. Abokan aikina na unguwar GRA ta Bauchi, musamman sababbin da aka ɗauka kula da tsofaffi, sun sha tambayata yadda abin ya faru. Wasu ma sun ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai goya Alhaji na yi. To ga yadda aka yi, ba ragi ba ƙari.

Sunana Sabo, mutumin unguwar Ƙofar Dumi ne ni. Na fara aiki da Alhaji ina masinja a ofishinsa, lokacin yana babban sakatare a wata ma'aikatar jiha. Aikin masinja, ga wanda bai sani ba, shi ne kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kawo shayi, da bin layi a madadin maigida: layin banki, layin mai, duk inda babba ba zai tsaya da ƙafarsa ba. Da Alhaji ya yi ritaya sai ya tafi da ni gidansa. A gidan mu huɗu ne ma'aikata. Akwai Bulus direba, akwai kuku, akwai maigadi, sai ni mai kula da jikin Alhaji. Ni ke shirya masa ruwan wanka da tufafi, ni ke riƙe shi in zai hau mota saboda gwiwarsa ta dama, ni ke ba shi magani.

Babban abin da ke wuyana shi ne ciwon sugansa. Safe da yamma nakan soki yatsansa in ɗiga jini a na'ura, in rubuta lambar da ta nuna a littafi. Wannan rubutun ne ma ya kai ni ajin yaƙi da jahilci a unguwar Gwallaga da furfurata. Bayan awo sai allura, ɗaya kafin karin kumallo, ɗaya kafin abincin yamma. Maganin allurar ba ya son zafi, kullum a firji yake kwana. In Alhaji ya tsallake ta yamma, zuwa safiya sai dai asibiti. Mun taɓa gani sau ɗaya, ba na fatan in sake gani.

Babbar 'yarsa, Hajiya Rakiya, likita ce a Ingila. Ita ta shirya wa mahaifinta hutun mako guda a jirgin ruwa, ita da mijinta da 'ya'yansu. Alhaji ya ce mata, "In ba da Sabo ba, ku je kawai, kwa ba ni labari." Haka aka yi min fasfo da biza, ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba.

Jirgin nan gari ne a kan ruwa. Hawa-hawa ne, da shaguna da wuraren cin abinci a ciki. Ɗakinmu ni da Alhaji yana da gado biyu da ɗan ƙaramin firji. Ƙa'idar jirgin ita ce, kowa ana ba shi kati mai hotonsa. In za ka sauka a wani gari sai a goga katin a na'ura, in ka dawo a sake gogawa, ta haka suke sanin wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Kullum akwai allo a bakin ƙofa da aka rubuta lokacin da za a rufe. Hajiya ta ja min kunne tun ranar farko.

"Malam Sabo, nan ba tashar Kano ba ce da za a ce a jira mutum ɗaya ya je fitsari. Lokaci na cika za su tafi, ko wane ne."

Rana ta huɗu, Laraba ce, muka wayi gari a gaban tsibirin da ake kira Santorini. Dutse ne baƙi da ja ya miƙe tsaye daga cikin teku, gari kuma yana can ƙoli, gidaje farare fat kamar an zuba gishiri a kan tudu. Babban jirgi ba ya iya matsawa bakin gaɓa a wurin. A tsakiyar ruwa yake tsayawa, sai ƙananan kwale-kwale masu inji su riƙa jigilar mutane. Ba mu kaɗai ba ne, na ga wasu manyan jiragen irin namu a tsaye, kowanne yana ta amayar da jama'a. Na duba allo na kwafe a tafin hannuna da biro: kwale-kwalen ƙarshe, biyar da rabi.

Hajiya da iyalinta za su bi wani ƙaramin jirgi zuwa kallon wani dutse da aka ce ya taɓa aman wuta, daga can kuma kai tsaye za a dawo da su babban jirgi. Tafiyar ƙafa ce da yawa, Alhaji ba zai iya ba. Shi kuwa ya ce lallai sai ya ga garin nan na sama. Hajiya ta yarda, ta ce mu hau, mu ɗan zaga, mu ci abinci, ƙarfe biyu mu kamo hanya. Na tambaye ta ko in ɗauki allurar. Ta ce a'a, ranar nan za ta lalata ta, ai tun kafin la'asar muna ɗaki. Na zuba ruwa da dabino da lema a jaka, muka fita. Wayata kuwa tun da muka bar Abuja ta koma agogo, ba ta kira ba ta amsawa.

Daga bakin ruwa zuwa gari hanya biyu ce. Ɗaya wasu akwatuna ne masu tagogi da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, mutum shida a kowanne, cikin 'yan mintoci ka isa sama. Ni keken igiya nake kiransu. Ɗayar kuma matakala ce ta dutse mai kwana-kwana, an ce ta haura taki ɗari biyar, jakuna da alfadarai ke hawa da sauka da mutane a kanta. Mu keken igiya muka hau. Da safe layin bai yi tsawo ba.

Garin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Amma lungunansa ba su fi na Ƙofar Dumi faɗi ba, ga mutane kamar kasuwar jajibirin salla. Ba ka taku uku ba ka yi karo da wani ba. Kowa ya ɗaga waya sama yana hoto, ba mai kallon gabansa. Na sa Alhaji a jikin bango, ni ina daga waje ina tare masa kafaɗun mutane. Ya sa farin kaftani da hula zanna da sandarsa, Turawa suna ta kallonsa, wasu har suna roƙon hoto da shi. Ya ƙi. Alhaji mutum ne da ba ya son a ɗauke shi hoto in bai shirya ba.

Muka sami wani gidan shayi mai rumfa da ke kallon teku, ya ci kifi da burodi. Mai wurin ya ba mu wani ɗan lungu muka haɗa azahar da la'asar, tun da matafiya ne. Ƙarfe biyu na yi na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da Hajiya ta ce ya yi."

"Rakiya ce ta haife ni ko ni na haife ta? Zauna, Sabo. Dubi ikon Allah."

Na zauna. Rabin awa ta wuce na sake magana, ya ce in bari ya ƙarasa shayinsa. Shekara ashirin da wani abu ina tare da shi, ban taɓa maimaita masa magana sau uku ba. Sai uku saura kwata ya ce mu tafi.

Da muka doso wurin keken igiya sai na tarar abin ya canza. Layi ya fito daga ginin, ya bi lungu, ya sha kwana, ya sake shan wata. Duk mutanen jiragen nan lokaci ɗaya suke son sauka. Ga rana tana dukan farin bango tana dawowa ido. Alhaji ba zai iya tsayuwar nan ba. Sai na yi abin da na saba yi tun ina masinja. Na mayar da shi gidan shayin, na zaunar da shi a inuwa, na ce zan bi layi, in na kusa zan zo in ɗauke shi.

Na shiga layi ƙarfe uku daidai. Tafiya muke kamar ba ma yi. Wani Bature ne a bayana, ƙato mai jar hula, yana ta fifita da takarda. Na ba shi dabino biyu, ya karɓa ya yi murmushi, na ce a raina to na sami maƙwabci. Huɗu da minti goma na hango ƙofa, mutanen gabana ba su fi talatin ba.

A nan na yi kuskuren. A Bauchi kowa ya san ƙa'idar layi. In za ka ɗan fita sai ka taɓa na bayanka ka ce "riƙe min", ka ajiye hula ko takalmi ko dutse a wurinka. Ko awa guda ka yi, wurinka na nan, in wani ya musa mutum biyar za su tsaya maka shaida. Ban taɓa tunanin akwai ƙasar da ba a san wannan ba. Na taɓa mai jar hula, na nuna kaina, na nuna ƙasa, na kwaikwayi tafiyar tsoho da sanda. Ya gyaɗa kai yana dariya. Na cire hulata na ajiye a wurin, na ruga.

Na tarar Alhaji ya shiga bayi. Da ya fito sai da ya sabunta alwala, ya yi sallama da mai gidan shayi, suka yi musafaha har sau biyu. Ga lungu a cike, ga gwiwa. Ba mu iso ƙofar ba sai huɗu da rabi ta gota. Mai jar hula ya daɗe da sauka. Hulata kuwa wani mai kirki ya ɗauke ta ya ɗora a kan katanga don kada a taka.

Na ɗauki hular na nuna wa ma'aikacin da ke tsaron ƙofa, na nuna inda na ajiye ta. Bai gane ba. Alhaji ya yi masa bayani da Turancinsa mai kyau, ya ce yaronsa ya tsaya a layin nan fiye da awa ɗaya. Mutumin ya ce shi bai san da wannan ba, wanda ya fita ya fita. Alhaji ya ambaci shekarunsa. Mutumin ya nuna masa layi da hannu, ga tsofaffi nan birjik, har da wata mai sanda biyu. Wata mata ta ɗaga murya daga baya, wasu suka taya ta. Ban ji abin da suke cewa ba, amma na ga fuskar Alhaji ta canza.

"Zo mu koma baya, Sabo. Doka ce. Ban taɓa tsallake layi ba, ba zan fara a garin mutane ba."

Na so in ce ai bai taɓa tsayawa a layi ba balle ya tsallake, amma na haɗiye. Muka bi layin muna neman ƙarshensa. Ya wuce inda na fara tsayawa ɗazu da nisa. Na tsaya na yi lissafi. Daga wancan wurin na yi awa ɗaya da minti goma ban ma kai ƙofa ba. Yanzu biyar saura minti ashirin. Ko yaya aka juya, ba za mu isa ba.

"Ranka ya daɗe, layin nan ba zai kai mu ba."

"Za su jira. Rakiya tana ciki, za ta yi musu magana."

"Hajiya ta ɗauka tun kafin la'asar muna ɗaki. Ba ta san muna nan ba. Kuma allurarka tana cikin firji."

Ya dubi layin. Sannan ya ce, "To me kake so in yi? In tashi sama?"

Tun ɗazu iska take kawo min wani wari da na sani tun ina yaro, warin kashin jaki da rana ta gasa. Mahaifina da jakuna ya ci abinci. Yashi da jar ƙasa yake kai wa magina, ni kuma na bi shi tun ina ɗan shekara bakwai har na zama saurayi. Na bi warin da ido, na hango bakin matakalar can ƙasan wani lungu.

"Akwai dabbobi a can, ranka ya daɗe. Su za su saukar da mu."

Ya dube ni kamar na zage shi.

"Jaki? Ni? Sabo, rana ta taɓa ka ne?"

"Ba jaki ba ne, alfadari ne. Uwarsa goɗiya ce."

"Ubansa fa?"

Na sosa ƙeya, domin uban dai jaki ne.

"Ka ga mutanen nan, kowa da waya a hannu. Kafin mu isa ƙasa hotona ya isa Bauchi. A ce ga tsohon babban sakatare a kan jaki kamar mai tallan itace. Jikokina su gani. Abokan zamana na masallaci su gani. A'a. Mu tsaya a layi, abin da Allah ya yi shi ne daidai."

Ya juya ya dogara sandarsa a bayan mutumin ƙarshe. Na san wannan tsayuwar tasa. In ya yi ta a ofis, fayil ya rufu ke nan.

Na duba agogo, biyar saura kwata. Na duba teku, ga jirginmu can ƙasa kamar ɗan akwatin ashana. Na tuna daren da muka yi a asibiti, da yadda idonsa ya kafe bai gane ni ba. A nan kuwa ban san asibiti ba, ban san yaren ba, ban san sunan maganin da Turanci ba in ban da kalar kwalinsa. Ban san lokacin da na sha gabansa ba. Ban taɓa tsayawa a gabansa ido cikin ido ba sai ranar. Kuma ban ce ranka ya daɗe ba.

"Baba, ba shawara nake ba ka ba. Amanarka aka ba ni. Laifina ne muka rasa layi, na yarda, in mun koma gida ka sallame ni. Amma yanzu za ka hau dabbar nan. Kawo sandar."

Na karɓe sandar daga hannunsa. Muryata ta fita fiye da yadda na so, har mutanen kusa suka waiwayo. Alhaji ya dube ni. Na ɗauka mari zan sha. Sai kawai ya ɗora hannunsa a kafaɗata, kamar yadda yake yi in zai hau mota. Muka tafi.

A bakin matakalar dabbobi sun fi ashirin a jere, an rataya musu ƙararrawa da duwatsun ado. Wani tsoho mai farin gashin baki da baƙar fuska saboda rana shi ke kula da su. Ba ya jin Turanci sosai, ni ba na ji sam, don haka mun yi daidai. Na biya shi, ya jawo wani ƙaton alfadari matashi. Na dubi dabbar, kunnuwansa a kwance baya, yana ta buga ƙafa. Na girgiza kai. Na bi layin ina duba su ɗaya bayan ɗaya har na kai ga wata tsohuwar alfadara mai furfura a baki, ta sauke kai tana gyangyaɗi. Na ɗaga ƙafarta na duba kofato, na shafa bayanta ƙarƙashin sirdi ko akwai miki. Lafiya lau. Na nuna ta.

Tsohon ya ƙura min ido. Na sa hannu a majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, na ji da sauran sako-sako. Dabbar ta kumbura ciki da aka zo ɗaurawa, halinsu ne ko'ina. Na jira ta saki numfashi, na ja na ƙara ɗaurewa. Sai tsohon ya fashe da dariya, ya bugi ƙirjina da bayan hannu, ya faɗi wata magana da yarensu, ya miƙo min ragama. Na lura bai ba kowa ragama a hannu ba sai ni.

Mu biyu muka ɗaga Alhaji. Na naɗe masa kaftani, na sa ƙafafunsa a likkafa, na ce ya jingina baya ya riƙe gaban sirdi, kada ya kalli ƙasa. Biyar saura minti biyar muka fara sauka, ni a gaba riƙe da ragama, tsohon a baya da wasu dabbobi biyu.

Saukar nan ba wasa ba ce. Duwatsun sun sha taku har sun yi santsi, ga kashi ko'ina. Dabbobi na hawowa, masu tafiya da ƙafa na maƙalewa a bango suna ihu. Alfadarar kuma tana son bin gefe, inda katanga gajera ce, bayanta sai rami har teku. Na shiga tsakaninta da katangar, kafaɗata a jikin wuyanta, ina yi mata irin tsakin da babana ke yi wa nasa. Ko ta gane ko ba ta gane ba, ta dai bi ni. A kowace kwana sai in rage mata sauri in dafe gwiwar Alhaji don kada ta gogi dutse. Shi kuwa ba abin da nake ji daga bakinsa sai hailala. Mutane sun ɗauki hoto, ba zan yi ƙarya ba. Bai ma gan su ba, idonsa a rufe.

Mun yi kamar rabi na waiwaya na ga gumi yana tsattsafo masa, hannunsa na karkarwa a kan sirdi. Na san alamar, suga ne ya yi ƙasa, kifin rana ya daɗe da narkewa. Biyar da minti goma sha biyu. Zuciyata ta ce ci gaba, saura kaɗan. Amma in ya sume a kan dabba a wannan gangaren, ba jirgi ba, komai ma ya ƙare. Na tsayar da ita a wata kwana mai faɗi, na ba shi dabino uku da ruwa, na tsaya sai da ya tauna ya haɗiye. Tsohon ya tare mana hanya da dabbobinsa don kada a ture mu. Minti uku muka yi a wurin, ban taɓa ganin minti uku masu tsawonsu ba. Can ƙasa babban jirgi ya yi wata ƙara mai kauri da ta cika dutsen.

"Namu ne?" in ji Alhaji.

"Ban sani ba, Baba. Riƙe da kyau."

Da muka sha kwanar ƙarshe na hango wurin da jirginmu ya kafa rumfa da safe. Sun naɗe rumfar. Wani yana ɗauke tulun ruwan sanyi, wani yana kwance igiyar kwale-kwale. Wata ma'aikaciya mai farin kaya tana tsaye da na'urar goga kati, tana duba agogonta. Na saki ragama a hannun tsohon, na zaro katunanmu biyu na ɗaga sama, na ruga ina ihu. Da Hausa na yi ihun. "Ku tsaya! Ga mu nan! Don Allah ku tsaya!" Ta ɗago kai, ta ga kati, ta ga farin kaftani a kan alfadari a bayana. Ta ɗaga wa mai igiya hannu.

Ƙafafun Alhaji sun sage, ba ya iya sauka. Matuƙa biyu suka zo suka ɗauke shi cak, suka shigar da shi. Matar ta goga katunan, ta nuna min agogonta: biyar da minti ashirin da takwas. Na juya wurin tsohon mai alfadari. Ba mu da kalma ko ɗaya da za mu gaya wa juna. Na riƙe hannunsa da hannu biyu, ya jijjiga nawa, na shafa wuyan tsohuwar dabbar, na faɗa kwale-kwale.

Da inji ya tashi, na ga ruwa ya shiga tsakaninmu da gaɓa. Na zauna a ƙasa daɓas. Iskar teku ta bugi fuskata, na ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Alhamdulillahi kawai nake maimaitawa.

Hajiya Rakiya na tsaye a ƙofar babban jirgi, idonta ja. Ta je ɗaki ba ta gan mu ba, ta zaga ko'ina, har ta kai ga roƙon ma'aikata.

"Malam Sabo! Ina kuka shiga? Ba biyu na ce ba? Baba, mene ne wannan a jikin rigarka?"

Na buɗe baki zan faɗi maganar hula, Alhaji ya riga ni.

"Ni na zaunar da shi shan shayi. Ba mu hanya, lokacin allura ya yi."

A ɗaki na wanke hannu, na soki yatsansa, na rubuta lambar, aka kawo abinci, na ciro maganin daga firji na yi masa allura ƙarfe shida da kwata, lokacin da ya saba. Da Hajiya ta fita na durƙusa a gefen gado.

"Ranka ya daɗe, ka yafe min. Na ɗaga maka murya a gaban mutane."

Ya ɗaga ido ya kalli silin.

"Sabo, na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati. Ka san mutum nawa suka taɓa ce min a'a?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ni ma ina ta nema tun a kwale-kwale, ban samu ba. Da an samu, da wasu takardun ban sa musu hannu ba." Ya juya ya dube ni. "Amma ƙarfe biyu ya kamata ka yi ihun nan, ba biyar saura kwata ba. Tashi ka jiƙa min kaftanin nan, wari yake."

Na gaya wa Hajiya maganar hula da kaina washegari, domin ba na son wani ya ɗauki laifina, ko da maigidana ne. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta yi min faɗa, kuma na cancanta.

Abin da nake so 'yan'uwana masu wannan aiki su ɗauka shi ne wannan. An koya mana cewa ladabi shi ne ka ce to, ka sunkuyar da kai. Gaskiya ne, kwana ɗari cikin ɗari da ɗaya haka aikin yake. Amma wanda aka ba kula da tsoho ba don ya ce to aka ɗauke shi ba. Tsofaffin nan da suka riƙe manyan kujeru sun saba duniya na jiransu, ba kuma mai gaya musu cewa ta daina. 'Ya'yansu suna nesa, abokansu suna jin nauyinsu. Kai da ke riƙe da sandarsa da maganinsa, kai ne za ka faɗa. Ka faɗa da wuri, tun ana iya faɗa a hankali. Ni na bari sai da ya zama ihu, kuma minti biyu kacal suka rage mana.